Injin Haɗi Ba Ya Tsayawa

Sufeto yana tsakiyar shan maganin gyambon cikinsa wayar ofis ta yi ƙara. Saje ya ɗauka, ya saurara, ya ajiye.

"Yallaɓai, kamfanin abincin kaji ne na bayan tasha. Wai inji ya kashe bakanikensu."

"Inji ne ya kashe shi?" Sufeto ya rufe kwalbar. "To ɗauko babbar ankwa, mu je mu kamo injin."

Saje bai yi dariya ba. Ya san halin maigidansa, idan ya fara ba'a tun kafin a fita, to ransa ne ya ɓaci. Tsufa a bakin aiki ya koya wa Sufeto cewa inji da rijiya da tsani su ne masu laifin da kowa ya fi so, don ba su da bakin musu kuma ba su da dangi.

Sun tarar da manyan motoci sun yi layi a ƙofar kamfanin, direbobi suna zaune a inuwar tayoyi suna tsaki. Ciki kuwa ƙurar masara ta rufe komai, har gashin idon leburori ya yi fari. An kwantar da gawar a kan buhunan da ba kowa a ciki, an lulluɓe ta da tamfol.

Manajan aiki ne ya tare su. Matashi ne mai farar riga, shi kaɗai ƙura ba ta kama ba a duk gidan. Ya gaisa da ladabi, idonsa na kan agogo.

"Ranka ya daɗe, abin takaici ne. Wutar gari ce ta ɗauke, injin haɗi ya tsaya. Shi kuma ya ga dama ta samu, ya shiga cikin tukunyar injin ya ciro wani ƙarfe da ya maƙale. Janareta na tashi, injin ya juya da shi."

"Haka kuke barin mutum ya shiga?"

"A'a, akwai doka. Duk wanda zai shiga sai ya zare fiyus ɗin injin, wato ɗan abin da ke sadar masa da wuta, ya riƙe shi a jikinsa. Muddin yana jikinsa ba mai iya tayar da injin. Yau ya manta."

Sufeto ya ɗaga tamfol ɗin. Ya ga abin da ba ya so ya sake gani, amma ya daure ya duba da kyau. Aljihunan rigar aikin mamacin duk an zazzago su waje, har na ƙirji. Inji yana karya ƙashi, amma bai taɓa jin injin da ke lalube ba.

Ya je ya buɗe akwatin wutar da ke jikin bango. Fiyus uku ne a jere. Biyu sun yi baƙi, ƙura ta daskare a kansu. Na tsakiya kuwa fari ne fat, ko zanen yatsa babu.

"Wa ya ciro gawar?"

Wani saurayi ya matso, idanunsa jajur. Aka ce shi ne foman na yamma, wato shugaban leburorin yamma, kuma ƙanen matar mamacin ne.

"Ni ne, yallaɓai, da leburori. Ina shigowa ƙofa na ji ihu. Kafin in iso an riga an kashe injin."

"Wa ya taɓa aljihunsa?"

"Ban lura ba, yallaɓai. Hankalina ba ya jikina."

Sufeto ya yi masa gaisuwa, ya sa Saje ya ɗaure akwatin wutar da igiya, ya ce kada kowa ya taɓa. Manaja ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, zuwa yaushe za mu iya tayarwa?"

"Jinin bai bushe ba tukuna, malam."

"Ba rashin tausayi ba ne. Bari in nuna maka." Ya ja shi tsakiyar ɗakin. "Can ake niƙa, nan ake haɗawa, can ake zubawa a buhu a ɗinke. Injin niƙa yana da sauri, masu ɗinki ma haka. Wannan na tsakiya shi ne mai nawa, shi ne maƙogwaron gidan nan. Duk abin da baki ya tauna sai ta nan zai wuce. Idan mai niƙa ya huta ba a yi asara ba, zai cimma. Idan wannan ya tsaya, kamfani ne ya tsaya, kuma abin da aka rasa ba ya dawowa har abada. Da na zo, gidan nan rufewa ake shirin yi. Doka ɗaya na kafa, injin haɗi ba ya tsayawa."

Ya nuna wani allo a bango, an raba shi biyu da alli, na safe da na yamma. Kowane ɓangare ana rubuta masa buhunan da ya fitar da lokacin da injin ya tsaya a hannunsa. Sufeto ya lura ɓangaren yamma ne a ƙasa.

Abin da ya fi ba Sufeto haushi shi ne Manajan ba wawa ba ne. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, ba inda za a kama shi.

A asibiti ya tarar da matar mamacin zaune a benci a ƙofar ɗakin ajiye gawa. Ba ta kuka. Ta miƙe da ta ga kaki.

"Kai ne mai binciken?"

"Ni ne. Allah ya ba ku haƙuri."

"Sun ce ganganci ya yi. Sun ce ya manta." Ta dube shi da fushi. "Ranka ya daɗe, mutumin nan ko ƙwan fitila zai canza a gida sai ya kashe wutar gidan gaba ɗaya, mu zauna cikin zafi muna yi masa tsiya. Yara suna ce masa Baba Sannu-Sannu. Shi ne yau zai manta? Ba abin kamfani nake nema ba, su riƙe kayansu. Amma kada 'ya'yana su tashi ana nuna su ana cewa ubansu sakarcinsa ne ya kashe shi. Ka wanke mini shi. Shi ke nan abin da nake roƙo."

"Wa ya ce miki ya manta?"

"Autanmu. Shi ya kawo mini labari. Shi ma abin da aka gaya masa ya faɗa, yaro ne. A hannuna ya tashi tun rasuwar mahaifiyarmu, kuma maigidan ne ya kai shi kamfanin, ya koya masa aiki har ya zama foman."

"An duba aljihun mijinki, ba fiyus."

"Aljihu?" Ta dube shi kamar ya faɗi abin dariya. "Ai ba ya sawa a aljihu. Tun da wani fiyus ya taɓa zame masa ya faɗa cikin garin masara, a safa yake cusawa, ta ƙafar hagu. Ni na sani, ni nake ɗinke safar. Har na gaji da mita."

Sufeto ya shiga ciki ya sa ma'aikacin ɗakin ya kwance takalmin hagu. Aka naɗe safar ƙasa, wani abu ya faɗo kan siminti ya gangara. Tsohon fiyus ne, baƙi, da ƙura a jikinsa irin ta 'yan'uwansa biyu.

Ya fito ya same ta tsaye.

"Mijinki bai manta ba. Amma ki riƙe bakinki tukuna, ko a gida. Wani ne ya sa sabo a gurbin wannan, kuma ina so in same shi yana barci."

"Ka same shi," in ji ta. "Ko wane ne, ka same shi."

Washegari da hantsi ya koma kamfanin, ya wuce kai tsaye sito. Mai siton dattijo ne mai tabarau, yana zaune a tsakanin kwalaye kamar wanda aka manta da shi.

"Wa ka ba fiyus jiya?"

"Ban ba kowa ba."

"To daga ina sabo ya fito?"

"Allah masani, yallaɓai. Ni ban san komai ba."

"Madalla. Saje, kawo ankwa. Duk kayan gyara a hannun mai sito suke, ashe mun samu mutuminmu."

Dattijon ya miƙe har tabarau ya zame. "Tsaya, ranka ya daɗe! A hannuna suke a da. Da, duk mai son fiyus sai ya tako nan, in tambaye shi na wane inji, ina tsohon, wa ke ciki. Manaja ya ce tafiyar da tambayar ɓata lokaci ne. Ya kwashe kayan injin haɗi ya zuba a wani ɗan akwatin ƙarfe a bayan ginshiƙi, kusa da injin. Makulli biyu ne, foman na safe ɗaya, na yamma ɗaya."

"Me ya hana ka faɗa tun farko?"

"An ce kowa ya kama bakinsa. Ina da iyali."

Sufeto ya sa aka kira foman na safe, wani ƙaƙƙarfan mutum mai furfura a gemu. Bai tsaya kwana-kwana ba.

"Na san yana ciki, ni na kira shi. A gabana ya zare fiyus. Ƙararrawar tashi ta buga, na fita."

"Ka bar mutum a cikin inji ba ka gaya wa kowa ba?"

"In gaya wa wa? Da muna tsayawa, mai tashi da mai kamawa, a miƙa aiki baki da baki. An soke, wai injin yana hutawa a banza. Yanzu mu ta ƙofar baya muke fita, su ta gaba suke shigowa, ko gaisawa ba ma yi. Amma yallaɓai, gurbin fiyus a buɗe ai shi ne saƙon. Ko sabon lebura ya san ma'anarsa, akwai mutum a ciki."

Mai gadin ƙofar baya ya tabbatar foman na safe ya fita tun wutar ba ta dawo ba. Saura makulli ɗaya ke nan, kuma Sufeto ya san a aljihun wa yake. Ya so ƙwarai a ce ya yi kuskure, don haka ya ci gaba da nema.

A ƙarshen ɗakin akwai mata masu ɗinke bakin buhu. Ɗaya daga cikinsu, wadda kujerarta ta fi kusa da injin, tun jiya take kauce wa idonsa. Ya ja buhu ya zauna kusa da ita.

"Baiwar Allah, me kika gani?"

"Ban ga komai ba. Bayana na ba injin."

"Me kika ji?"

"Janareta. Idan ta tashi ko kanka ba ka ji."

"Matarsa tana da yara ƙanana," in ji Sufeto a hankali. "An gaya musu ubansu ne ya kashe kansa da ganganci. Ke ma uwa ce, ko?"

Ta daɗe tana murza zare a yatsa. Sannan ta yi magana ba ta ɗago ba.

"Bayan janareta ta tashi, injin bai tashi ba. An jima sai na ji an ƙwala kira. Sannan na ji ƙarar akwatin ƙarfe, sannan injin."

"Wane kira?"

"‘Mijin Yaya! Mijin Yaya!’" Hawaye ya zubo ya yi hanya a ƙurar fuskarta. "Mutum ɗaya ne ke kiransa haka a gidan nan. Kullum da shi yake tsokanarsa, shi kuma ya ce masa, ‘Yaro, ka biya ni shinkafar da ka ci a gidana.’ Don Allah kada ka ce ni na faɗa."

Da masu aikin yamma suka shigo, Sufeto yana tsaye a gindin injin. Foman na yamma ya zo duk da rasuwar, don Manaja ya aika masa cewa ana sa ran a tayar yau. Sufeto ya yafito shi.

"Kawo makullinka."

Ya miƙa. Sufeto ya buɗe akwatin bayan ginshiƙi. Kwalin fiyus yana ciki, an yage bakinsa da gaggawa, gurbi ɗaya ba kowa.

"Jiya ka ce ihu ka tarar."

"Haka ne, yallaɓai."

"To wa ka kira Mijin Yaya, gawa?"

Sufeto ya sa hannu a aljihu ya fito da tsohon fiyus ɗin, ya ɗora a tafin hannunsa.

"Wannan kake nema a aljihunsa. Ka so ka mayar da shi gurbinsa, ka ɗauke sabon, a ce bai taɓa zarewa ba. Ka ci abinci a gidansa tun kana yaro, amma ba ka san a safa yake sawa ba. Yayarka ta sani."

Yaron ya dubi fiyus ɗin. Ya zauna a ƙasa cikin ƙura, ya dafe kai.

"Na ga gurbin a buɗe," ya ce. "Wallahi na gani, ba zan ce ban gani ba. Na shigo, wuta ta dawo, inji a tsaye, motoci a ƙofa, kuma ƙararrawa ta riga ta buga, duk tsayuwar a kaina ake rubutawa. Manaja ya ce ƙarshen wata ɓangaren da ke ƙasa za a sauke foman ɗinsa. Na kira shi, bai amsa ba. Na ce a raina ya gama ne ya fita wanke hannu, ya tafi da fiyus ɗin. Na ce in tayar, in ya dawo in yi masa tsiya."

"Tsanin leƙa tukunyar ga shi nan a gefenka."

"Na gan shi."

"Me ya hana ka hawa?"

"Sauri nake yi." Ya fashe da kuka irin na yara. "Sauri kawai, yallaɓai. Da na ji ƙarar ni na kashe injin da hannuna. Da muka ciro shi sai na tuna Yaya. Ta yaya zan shiga gidan nan in ce mata ni ne? Manaja ya ce ƙila mantawa ya yi, ni kuma na kama maganar na riƙe."

Sufeto ya juya ga Manaja, wanda ke tsaye a gefe ya harɗe hannu.

"Kai ka kawo akwatin nan. Kai ka soke miƙa aiki. Kai ka kafa allon can."

"Haka ne, ranka ya daɗe," in ji Manaja. "Sai dai ban taɓa cewa kowa ya sa fiyus a gurbin da ke buɗe ba. Dokar tana nan manne a bango, da sa hannuna."

Tana nan kuwa, Sufeto ya karanta ta tun jiya. Ya duba duk dokokin da ke kansa bai samu wadda ta hana mutum kafa allo ba. Zai rubuta komai a rahoto, ya kuma san inda rahoton zai kwana. An bar jaki za a doki taiki, kuma shi ne aka ba sandar. Bai taɓa jin ya tsani kakin jikinsa kamar yau ba.

"Saje, sa masa."

Saje ya ɗaga yaron, ya sa masa ankwa a hankali. Leburori suka dare suka ba su hanya.

A bakin ƙofa, tsakanin motocin, matar mamacin tana tsaye. Haƙuri ya gagare ta a gida, ta biyo sawu. Sufeto ne a gaba, don haka shi ta fara gani. Ta taho da sauri.

"Ranka ya daɗe, an samu?"

"An samu. Mijinki ya yi aikinsa yadda ya kamata. Ba wanda zai ƙara cewa ya manta."

Ta ɗaga hannu sama, fuskarta ta saki a karon farko. "Alhamdu lillahi. Allah ya saka maka. Wane ne? Nuna mini shi."

Saje ya fito daga bayan mota, riƙe da hannun wanda ya kama.

Ta dubi ankwar, ta dubi fuskar ƙanenta. Da farko ta ɗauka kuskure ne, har ta buɗe baki za ta yi faɗa. Sai yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya." Daga yadda ya faɗa ta gane komai.

Sannan ta matso kusa da Sufeto, ta kama bakin hannun rigarsa, ta yi ƙasa da murya kamar mai ciniki a ɓoye.

"Ranka ya daɗe, na janye. Mantawa ya yi. Dama kwanan nan yana yawan mantuwa, ni shaida ce. Ka rubuta haka, zan sa hannu. Wancan ya riga ya tafi, ka bar mini wannan."

"Ba zai yiwu ba, baiwar Allah."

"Ni fa na roƙe ka. Ni na gaya maka safar. Ba don ni ba da ba ka sani ba."

"Na sani," in ji Sufeto.

Ya zare hannun rigarsa daga yatsunta a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Saje ya buɗe bayan mota, yaron ya shiga. Da suka tashi tana nan tsaye a inda suka bar ta, wani direba yana yi mata hon ta ba shi hanya.